Famfon Haladu Wanzami

Yayana Haladu wanzami ne, ɗan wanzami, jikan wanzami. In dai aska ce a hannunsa, ban taɓa ganin mai natsuwarsa ba, don jariri yana barci zai aske shi tas bai farka ba. Amma a karɓi askar nan a miƙa masa wani abu mai noti da kusa, sai ka rantse an canza mutum. Ni Yelwa ƙanwarsa ce, a gidansa na zauna a Gumel bayan rasuwar mijina, kuma abin da zan faɗa da idona na ga rabinsa, rabin kuma shi ya ba ni da bakinsa. Har yau in na tuna, dariya da haushi tare suke zo mini.

Wanda bai san wanzanci ba sai ya ɗauka aski ne kawai. Wanzanci gidaje ne. Mahaifinmu Ɗantsoho ya rasu ya bar wa Yaya zabirar askake da ƙaho, da gidajen da yake yi wa aiki tun daga Gagarawa har bakin Maigatari. Gidan da yake naka, kai za ka aske maigida da 'ya'yansa, kai za ka yi musu ƙaho, in an haihu kai za ka yi askin suna, da kaka kuma a aiko maka da daminka. Sharaɗin guda ne: ranar suna kada a jira ka. In hantsi ya yi ba ka iso ba, har aka kira wani ya taɓa kan jaririn, to gidan ya zama nasa, ba faɗa ba kai ƙara. Baba yakan ce gida ba ya barin wanzami, wanzami ne ke barin gida.

Baba da ƙafa ya yi yawonsa har ya tsufa. Yaya kuwa, shekarar da aka gama yaƙin basasa, ya ce shi zamani ya zo masa, ya sayi keke. To, kowa ya san ƙasarmu: rairayi ne tudu bayan tudu, inda rairayi ya ƙyale ka kuma ƙayar aduwa da tsaida suna nan shimfiɗe. Da wuya keke ya yi yini guda bai yi faci ba. Liƙe facin Yaya ya koya da ƙyar, amma liƙi ba iska ai aikin banza ne, don haka ya je kasuwar Maigatari ya sayo famfo a hannun wani mutumin Damagaram. Baƙi ne, bai wuce tsawon kamu ba, da 'yar robarsa da ake ɗaurawa a bakin taya. Mutumin ya ce masa, ko da wasa ko da gaske Allah masani, kada ya kuskura ya buɗe cikinsa, don iskar da ke ciki in ta fita ba ta dawowa. Yaya ya riƙe maganar nan kamar wasiyya.

Da a ce famfon nan lalatacce ne da mun huta, ai lalatacce jefarwa ake yi. Shi wannan, yau ka buga shi ka ji hannu ya yi nauyi, taya ta cika tam kafin ka gaji. Wata rana kuma ka buga har gumi ya jiƙa maka riga, ƙarfen yana shiga yana fita sakayau, ba abin da kake ji sai fit, fit. Kuma da farko ba ya ƙin aiki a ƙofar gida, sai can tsakiyar jigawa inda ba kowa sai kai da kurciya.

Yawon Yaya zagaye ne. Yakan fara da Gagarawa, ya dawo ya yi yamma zuwa Sule Tankarkar da Ɗanzomo, ya biya rugar Baffa Cindo, ya faɗa Maigatari ranar kasuwa, sannan ya gangaro gida. Duk dawowar da zai yi sai ya wuce wurin Ubale mai gyaran keke a bakin kasuwar Gumel ya kai ƙarar famfon. Ubale ya karɓa, ya toshe bakin da yatsa, ya danna, sai ga iska tana neman ture masa yatsa.

“Haladu, lafiyarsa ƙalau. In kuma kana so, kawo in buɗe in duba.”

“A'a! Buɗewa ce dai ban yarda ba.”

“To ni me zan yi maka? Ka kawo mini mai lafiya ka ce in ba shi magani.”

Haka zai dawo gida ya zauna a zaure, famfo a cinya, yana juya shi yana kallo. Da ya gaji da kallo sai ya fara nazari, kuma nazarin Yaya shi ne masifar gidan nan. Ya lura cewa a Maigatari da Gumel famfon yana aiki, a Gagarawa yana ja da baya, a Sule Tankarkar kuwa ko gaisuwa ba ya amsawa. Sai ya yanke cewa tunda daga Damagaram ya fito, iskar arewa ya saba da ita, in ya yi nisa da iyaka sai ya shiga kewar gida.

Na ce, “Yaya, ƙarfe ne fa.”

Ya ce, “To in ƙarfe ne, me ya sa yake zaɓar gari?”

Na so in yi masa dariya, amma ni ma abin ya ɗaure mini kai, don na ga ranar da ya yi aiki, na kuma ga Yaya ya dawo yana tura keke ƙafafu duk kaushi.

Shekarar da aka yi canjin hannu, motoci suka koma bin dama, Yaya ya ce ashe nan matsalar take, ya kwance famfon daga gefen hagu na keken ya ɗaure shi a dama. Ya yi aiki 'yan kwanaki, Yaya ya bi unguwa yana ba da labari, sannan ya sake mutuwa a hanyar Ɗanzomo. Daga nan zargi ya koma kan matarsa A'i. Ita A'i ba ta son ƙarnin man shanu, kuma duk dawowar Yaya daga ruga, rigarsa da zabirarsa da komai nasa ƙarnin suke yi. Ana gobe Sallah ta haɗa har famfon ta wanke da ruwan toka, ya fito fes. Washegarin Sallah ko fit ɗin ma ya ƙi yi. Yaya ya kafa doka cewa hannun mace ba zai ƙara taɓa famfon ba, ya haɗa har da ni da ban san hawa ba ban san sauka ba.

Duk wannan abin dariya ne, sai dai gidaje suna tafiya. Akwai wani wanzami a Sule Tankarkar, Dogo, mutum ne mara yawan magana, da jakinsa yake yawo. Jaki ba ya sauri, amma ba ya faci. Yaya ya makara a wani suna a Ɗanzomo, ya iso ya tarar Dogo yana wanke aska. Ya sake makara a wani gidan, ya sake tarar da Dogo. Gidajen da Baba ya taka da ƙafa shekara da shekaru suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne ya tafi sai Yaya ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki. Ina jin zafin abin har cikin raina, don gadon ubana ne ni ma. A ƙarshe Yaya ya ce ba iska ba ce, ba hannun mace ba ne, asiri ne Dogo ya yi wa famfon. Ya karɓo laya ya ɗaura masa a wuya, ya daina amsa sallamar Dogo a kasuwa.

Gida ɗaya ne Yaya yake cewa in ya rasa shi zai rataye zabira ya bar sana'ar, wato rugar Baffa Cindo, tsakanin Ɗanzomo da Maigatari. A nan kakanmu ya fara aski, kuma tun daga lokacin ba wata aska da ta hau kan ɗan rugar sai tamu. Baffa Cindo tsoho ne, idonsa ya yi rauni, ba ya rabuwa da sandarsa mai sheƙi. Yana da wata ɗabi'a: baƙo in ya sauka, kafin a kawo ruwa zai miƙa hannu ya karɓi sandarsa, ya ce sanda ma ta sha hanya, ya shiga da ita bukka ta huta kusa da tasa. Yaya ba ya riƙe sanda, amma ba ya barin famfo a jikin keke don tsoron yara, kullum yana hannunsa. Saboda haka famfon Baffa yake karɓa, ya sa masa suna sandar wanzami. Yaya ya yi askinsa a inuwa, ya sha fura da nono, in zai tafi a miƙo masa abinsa.

Sai ga shekarar fari. Damina ta zo ta wuce ba ta bar komai ba, gero ya bushe a tsaye, rijiyoyi suka ja ƙasa. Ba wanda ya aiko da dami, don ba wanda ya ɗaure dami, ballantana a yi maganar sabon famfo. Shi kuma tsohon famfon sai ya bar zaɓen gari, ya mutu ko'ina, har a tsakiyar Maigatari inda iskar arewa take kaɗawa son ranta. Wannan ya rushe wa Yaya duk nazarinsa. Ya zauna a zaure ya ce mini, “Yelwa, da can na san inda yake yi da inda ba ya yi. Yanzu ko rashin ganewar tawa ma ta canza.” Taya kuwa sai wurin Ubale ake cika ta da babban famfonsa na ƙasa, a fita ana addu'a kada a taka ƙaya.

Cikin bazarar nan aka aiko daga ruga cewa matar ɗan Baffa ta haifi namiji, kuma ranar suna suna so a zo da wuri, don rijiyarsu ta ƙafe, za su kora abin da ya rage na shanu su yi kudu. Na ce wa Yaya ya tafi tun ana gobe ya kwana can. Amma ana goben yana da wani sunan a Gagarawa Tasha, bai shigo gida ba sai da rana ta faɗi. Ya yi sallar asuba ya hau keke, laya tana lilo a wuyan famfo.

Bai yi rabin hanya ba ƙayar aduwa ta shige tayar baya. Ya sauka ya ciro tub ɗin cikin tayar, ya liƙe, ya ɗaura famfo ya buga. Fit, fit. Ya juya ya fuskanci arewa ya buga. Ya cire layar ya buga, ya mayar ya buga. Ya ce mini har magana ya yi wa famfon, ya roƙe shi don girman Allah, ya tuna masa cewa bai taɓa bari an buɗe masa ciki ba. Da ya ga hantsi ya ɗaga, sai ya kama kan keken ya shiga turawa cikin rairayi mai zafi, tayar tana ja kamar akuyar da ba ta son kasuwa.

Bai isa rugar ba sai bayan la'asar. Ba ruga. Bukkoki an kwashe, sai turaku da toka da busasshen kashin shanu. A ƙarƙashin wata aduwa kuwa ga jaki a ɗaure, ga Dogo a zaune ya miƙe ƙafafu. Yaya ya jingine keke ya tsuguna a wurin. Ya riga ya gama rataye zabira a zuciyarsa.

Dogo ne ya fara magana. “Sannu da hanya, Haladu.”

Yaya ya kau da kai.

“Ka kwantar da hankalinka, ban taɓa kan yaron ba. Na zo, ba zan ɓoye maka ba, na ji labarin famfonka, na ce ko za a nemi aska. Tsohon ya ce a ba ni ruwa, amma aska sai ta gidan Ɗantsoho. Sun raɗa suna, sun jira ka har azahar, shanu suka fara kwanciya, dole suka tashi. Tsohon ya ce in zauna in jira ka, ko yaushe ka zo in ba ka wannan.”

Ya miƙo masa ɗan tandu na fata. Yaya ya buɗe, ya ga man shanu ne, zafi ya narkar da shi.

“Na me?”

“Na sandarka.”

“Wace sanda? Ni ba ni da sanda.”

“Wannan ta hannunka mana. Ya ce in roƙe ka gafara, tun da shanu suka bar ba da nono bai ƙara shafa mata mai ba, abin yana ba shi kunya. Ya ce ka shafe bayanta, ka zaro ƙarfen cikin ka shafe shi ma, ka jingine ta a tsaye, haka yake yi mata.”

“Yake yi mata? Tun yaushe?”

“Ni zan sani? Sandarka ce.”

Yaya ya ce ya daɗe yana kallon tandun yana kallon famfon, kansa ya ƙi haɗa su. Man shanu na kan jariri ne, na tuwo ne, na sanda ne, me ya kai shi ga iska? Dogo ne ya gaji da jira ya karɓa ya shafe, ya ja ƙarfen ya shafe, ya jingine shi a jikin aduwa. Suka zauna, mutum biyu da ba sa gaisawa, suna gadin famfo. Can Yaya ya ɗauka ya ɗaura a bakin taya ya danna, ya ji hannunsa ya yi nauyi. Ya sake dannawa, taya ta fara ɗagowa daga ƙasa. Ya ce tsoro ne ya fara kama shi kafin murna.

Dogo ya nuna masa burtalin da suka bi, ya ce shanun ba su da ƙarfi, ba su yi nisa ba. Yaya ya hau, ya ɗan tafi, ya tsaya ya waiwayo ya ce, “Dogo, na gode.” Dogo ya ɗaga masa hannu yana kwance jaki.

Ya cim musu rana tana shirin faɗuwa, sun yada zango a gindin wani gawo. Shanun da ya sani garke guda sun koma 'yan tsiraru, ƙashin haƙarƙari a waje. Baffa Cindo yana zaune a kan buzu, da ya ji ƙararrawar keke sai ya miƙo hannu kamar kullum. Yaya ya sa masa famfon. Tsohon ya shafa shi daga sama har ƙasa, ya ji maiƙo, ya gyaɗa kai.

“Dogo ya cika amana. Ɗan Ɗantsoho, ka yafe mini. Baƙo ya zo gidanka ka mayar masa da sanda a bushe, ba tarbiyyarmu ba ce.”

“Baffa, ashe duk shekarun nan kai ne kake...”

“Kake me? Sanda in ba mai tsagewa take yi. Taka ma ta fi kowacce shan mai, rami gare ta. Maza ga yaron can, rana za ta faɗi.”

Adda, matar Baffa, ta kawo jaririn a zane. Yaya ya wasa aska, ya yi bisimilla, ya aske shi tas, yaron bai ko motsa ba. Da ya gama ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, yadda ya saba, ya ce a kawo mai a shafa wa kan. Ba wanda ya motsa. Ya sake cewa a kawo mai. Sai Adda ta ce a hankali, “Wanzam, babu. Ɗan abin da na ɓoye wa yaron nan shi ne tsohon ya juye a tandu ya bar wa Dogo. Na yi magana, ya ce kan yaro zai jira, amma sandar baƙo ta daɗe tana jira.”

Yaya ya ce bai san lokacin da hawaye ya zubo masa ba, shi da ko a jana'izar Baba bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya laluba aljihu ya ciro tandun, ya zura yatsa ya kwakwalo abin da ya maƙale a gindi. Ɗan kaɗan ne, amma kan jariri ba shi da girma, ya ishe shi.

Washegari ya dawo gida a kan keke, tayoyi tam. Ya zauna a zaure ya ba ni labari tun daga ƙayar aduwa, sannan ya ce, “Yelwa, ni fa har yanzu kaina bai warware ba. Na zargi iska, na zargi gwamnati, na zargi A'i, na zargi Dogo. Kullum tambayata wa yake ɓata mini shi. Ban taɓa tambayar wa yake gyara mini shi ba.”

Mutanen Baffa ba su dawo ba. Mun ji an ce sun zauna can wajen fadamun kudu, mun kuma ji rasuwar tsohon bayan damina biyu. Gidan dai ba a ƙwace wa Yaya shi ba, kuma bai rataye zabira ba sai da tsufa ya sa hannunsa ya fara rawa. Ubale ya yi masa bayani ya fi a ƙirga, cewa wata 'yar fata ce a ciki take bushewa, ɗigon man gyaɗa ma ya isa, ba sai an shafe bayan ba. Yaya ya saurara ya ce to. Amma duk ranar da zai fita zagaye, sai ya zauna a zaure da man shanu, ya shafe famfon nan tun daga kai har gindi, ya jingine shi a tsaye ya huta. A'i ta yi mitar ƙarni har ta gaji. Na taɓa ce masa ai Ubale ya ce cikin kawai ke so. Ya ce shi bai tabbatar ba ko man ne yake aikin ko hannun, kuma wanda zai tambaya ya tafi.